Tunkiyar Linkon a ƙasar ƙarangiya: fashin baƙi kan tumaki masu dogon gashi

Wata Alhamis bayan an tashi daga kasuwa, muna zaune a fada ana jiran shayi na biyu, ɗan yayata ya miƙo mini wayarsa. "Kawu, dubi ikon Allah." Bidiyon wani rago ne a ƙasar Turawa, tsaye cikin ciyawa shar, gashi ya zubo masa tun daga gadon baya har yana neman sharar ƙasa, igiya-igiya kamar kitson da aka warware. Ko idonsa ba a gani, tukku ya rufe fuskar. Yaron yana turke raguna biyu ko uku duk shekara saboda Babbar Salla, kuma lissafinsa ya riga ya yi nisa: in aka samo irin wannan aka haɗa da Balami, ai kasuwar layya ta zama tasa.

Wani dattijo mai dillancin dabbobi ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Ɗana, kai shi bayan gari da kaka ya yini cikin ƙarangiya, sannan ka zo mu yi ciniki." Aka kwashe da dariya, aka shiga wata hira. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai. Dattijon ya yi gaskiya, amma ƙarangiya ita ce dalilin da ido ke gani. Sauran dalilan suna cikin fatar dabbar, da tumbinta, har da ƙwaƙwalwarta.

Ragon nan irin da ake kira Linkon ne, sunan yankin Linkonsha da ke gabashin Ingila, bakin teku. Ingila tana da dangin tumaki masu dogon gashi da dama, irin su Lesta da Kotswol da Wensilidel da Romni, kuma Linkon ya fi su duka jiki da nauyin gashi. Baligin rago yana kaiwa kilo 110 zuwa 160, tunkiya kilo 90 zuwa 110 da ɗoriya. Ba su da ƙaho, daga ragon har tunkiyar. A shekara ana aske wa tunkiya ɗaya gashin da ya kai kilo 5 zuwa 9, tsawonsa santimita 20 zuwa 38. In ka raba, rabin milimita zuwa milimita ɗaya ke nan kowace rana, wato ninki biyu zuwa uku na saurin tsirowar sumar mutum. Audugar da iyayenmu mata ke shiɓa su kaɗa da mazari, silinta bai cika wuce santimita 3 ba.

Ba haka Allah ya saukar da ita daji ba, hannun mutane ne ya kai ta nan. Tsohuwar tunkiyar Linkonsha mai manyan ƙasusuwa ce, mai jinkirin girma. A ƙarni na 18 wani manomi mai suna Robat Bekwel, wanda ya rayu daga 1725 zuwa 1795, ya fito da wata dabara a gonarsa ta Dishli: yana zaɓen dabbobin da suka fi saurin ƙiba, yana haɗa su da danginsu na kusa har halin ya zauna, sannan ya riƙa ba manoma hayar ragunansa na kaka guda. Da wannan sabon irin Lesta aka gyara tsohuwar Linkon. A 1892 masu kiwonta suka kafa ƙungiya da littafin rubuta asalin kowace dabba. Jirage suka yi ta kwasar ragunan zuwa Ajantina da Ostireliya da Niyu Zilan. A Niyu Zilan aka haɗa su da Merino, tunkiya mai laushin gashi, aka sami irin Koridel, a Amurka kuma daga 1912 aka haɗa su da Rambuye, wani irin Merino na Faransa, aka sami irin Kolumbiya. Gashin tunkiya ya daɗe yana riƙe da arzikin Ingila, shi ya sa har yau shugaban majalisar dattawansu a kan wani ƙaton matashi da aka cika da gashin tumaki yake zama.

Tarihi ke nan a taƙaice. Inda zancen yake da nama shi ne fata.

Kowane silin gashi daga raminsa yake fitowa, yadda kowane gindin hatsi yake da ramin shukarsa. Ramukan nan iri biyu ne. Akwai manya, waɗanda kowannensu yake da jakar zufa da jakar maiƙo da wata ƴar tsoka mai tayar da gashi. Akwai kuma ƙanana, masu jakar maiƙo kaɗai. Manyan sukan jeru uku-uku, ƙananan su kewaye su. Duk tunkiyar duniya haka fatarta take, daga Uda har Merino. Abin da ya raba su shi ne yawan ƙananan, da kuma irin gashin da kowane rami ke fitarwa.

A jikin tumakinmu, Uda da Balami da Bali-bali da Ara-ara ta Buzaye, manyan ramuka ne ke mulki. Suna fitar da gashi mai kauri, gajere, mai tsauri, wanda ke kwantawa luf a jiki. Ƙananan kuwa, uku ko huɗu ga kowane babba, ɗan laushin gashi suke yi a ƙarƙashi wanda bai taka kara ya karya ba. A jikin Merino, tunkiyar da asalinta Sifen ne, abin ya juye: kowane babban rami yana da ƙanana kimanin 20, kuma manyan ma sun rage kauri sun koma kamar ƙananan. Linkon tana tsakiya ta fuskar lissafi, ƙanana kimanin 5 ga babba ɗaya, sai dai duka biyun suna fitar da gashi mai kauri kusan ɗaya, dogo, ba tsayawa. Manomi zai gane wannan nan take. Merino gona ce da aka cunkusa wa shuka, kara ya yi yawa ya yi siriri. Linkon gona ce da aka ba tazara, gindi kaɗan, amma kowane kara ya yi kauri ya yi tsawo. A faɗin fata iri ɗaya, ramukan Merino sun ninka na Linkon sau uku ko huɗu, wani lokaci fiye.

Wani abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lokacin da ake wannan shukar. Cikin tunkiya wata 5 ne, kwana 147 ko kusa da haka. Manyan ramuka suna fara kafuwa wajen wata na biyu, ƙananan kuma daga wajen wata na uku har zuwa haihuwa, su ƙarasa nuna a makonnin farko na shan nono. Daga nan ƙofa ta rufe. Tunkiyar da ta sha yunwa a watanni biyun ƙarshe na cikinta za ta haifi ɗan da ramukansa ba su cika ba, kuma duk dusar da za a ɗura masa daga baya ba ta ƙara masa ko ɗaya. A nan Damagaram, in ƙarshen ciki ya faɗo cikin bazara, lokacin da damin harawa ya zama abin a kulle a ɗaki, an yi asarar gashin tun ɗan bai ga rana ba.

Shi kansa silin, in aka sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, ba sumul yake ba. Yana lulluɓe da ɓawo-ɓawo irin na kifi, wani bisa wani, duka suna kallon tsini. Kaurinsa da maikiron ake aunawa, wato milimita ɗaya a raba ta dubu. Merino mai kyau ba ta kai maikiron 24 ba, wasu ma ƙasa da 18. Linkon tana tsakanin 33 da 41. Wannan bambancin shi ke raba abin da za a yi da kowanne. Silin da ya haura maikiron 30 ba ya lanƙwasa in ya taɓa fatar mutum, sukarta yake yi, shi ya sa wata rigar sanyi take ƙaiƙayi wata ba ta yi. Don haka gashin Merino ke tafiya rigunan da ke taɓa jiki, na Linkon kuma darduma da shimfiɗar kujera da manyan riguna na sama, har da gashin ƴar tsana.

To me ya sa aka yi ta rububinsa? Ƙyalli da ƙarfi. Ɓawon silin Linkon manya ne, faffaɗa, a kwance, ba su da yawa. Haske in ya faɗa kansu sai ya dawo gaba ɗaya. Wanda ya taɓa tsayawa wurin mabuga ya ga yadda shadda ke ɗaukar ƙyalli bayan ta sha bugu ya san abin da nake nufi: zaren ne ya kwanta ya yi bai ɗaya. Linkon da bugunta ake haihuwarta. Ɓawon Merino kuwa ƙanana ne, masu yawa, bakinsu a ɗage, suna warwatsa haske, sai gashin ya yi fari amma dishi-dishi. Waɗannan ɓawon ne kuma ke sarƙe juna in gashi ya sha ruwan zafi da sabulu da murza, ya dunƙule ya zama abu guda. Jar darar da ake kawowa daga Tunis tun zamanin ayari haka ake yin ta, a saƙa ta da girma, a yi ta murza har ta tsuke ta yi tauri. Ta fuskar ƙarfi kuma, mai kaɗi ta san dogon sili ba ya buƙatar murɗi da yawa kafin ya riƙe. Ana taje shi a jera silin gefe da gefe, zaren ya fito sumul, mai wuyar tsinkewa.

Nannaɗewar gashin ma tana da dalili. Cikin silin Merino ɓari biyu ne masu hali daban, manne da juna, kamar baduku ya haɗa fata biyu, ɗaya ta fi ɗaya ja in ta bushe: dole abin ya lanƙwashe. Shi ya sa gashinta yake da ƙananan lanƙwasa masu yawa da ke riƙe iska. A silin Linkon wannan rabon bai fito sosai ba, sai gashin ya yi manyan murɗi, ya haɗu igiya-igiya ya rataya. Riƙe wannan, za mu dawo kansa in mun zo zancen zafi.

Tumakinmu suna zubar da gashi da kansu. Ramin yakan yi aiki na ɗan lokaci, ya huta, tsohon silin ya faɗi, sabo ya fito. Tunkiyar daji da aka fara kiwo a Gabas ta Tsakiya, shekara wajen dubu 10 da suka wuce, haka take yi. Abin da makiyaya suka yi cikin dubban shekaru shi ne zaɓen tumakin da raminsu ba ya hutawa, don kada gashin ya zube a daji kafin a tara shi. Sun yi nasara, har ta yi yawa. A 2004 aka kama wani Merino a Niyu Zilan da ya ɓace shekara 6, aka aske masa gashi kilo 27. A 2015 aka tsinci wani kusa da Kambera ta Ostireliya, da ƙyar yake tafiya, aka cire masa fiye da kilo 41. Sunan da suka sa masa Kiris, gashin dai ba kiris ba.

Ke nan dabbar ba ta iya rayuwa sai da wanzaminta. Sausaya, wato askin tumaki, sana'a ce mai zaman kanta a can, sau ɗaya a shekara, wasu masu Linkon har sau biyu. Ko da ana askin, gashin yana da nasa haɗari. Tunkiya mai faɗin baya da gashi ya jiƙe mata, musamman mai ciki, in ta mirgina ta kwanta rigingine ba ta iya tashi. Iskar da ke taruwa a tumbi ba ta samun hanyar gyatsa, ciki ya kumbura ya danne huhu, kafin a ankara ta mutu. Wannan yana cikin dalilan da ke sa makiyayin Ingila zagaya garkensa safe da yamma. Sai kuma koren ƙuda, wanda ke yin ƙwai cikin gashin da kashi da fitsari suka ɓata, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta shiga cin naman dabbar tana raye. Saboda shi ne suke yanke wa ƴan raguna wutsiya tun suna kwanaki. Wannan kuwa ya shafi ɗan yayata kai tsaye, don a mazhabar Malikiyya dabbar da sulusin wutsiyarta ya tafi ba ta isar wa layya. Rashin ƙaho na halitta bai hana ba, amma kowa ya san mai sayen ragon Salla ƙaho yake fara kallo.

Sai abinci. Gashi keratin ne, abu ɗaya da ƙaho da kofato da farce, kuma kusan dukansa furotin ne. Abin da ke ba shi ƙarfi farar wuta ce, kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na nauyinsa, wadda ke ɗaure zaren furotin ɗin da juna. Ƙaurin da ke cika unguwa ranar Salla in ana babbakar kai da ƙafa, ita ce ke ƙonewa. A cikin gashin da aka aske, wani kaso maiƙo ne da busasshiyar zufa da datti. Maiƙon shi ne lanolin da ake sa wa man shafawa. In an wanke na Linkon, kashi 65 zuwa 80 cikin ɗari ke saura. A ce an sami kilo 5 wankakke. Tsokar nama kashi uku cikin huɗu ruwa ce, furotin ɗinta kusan kashi ɗaya cikin biyar. Gashi kuwa ruwansa kaɗan ne. In ka buga lissafi, furotin ɗin da ke cikin kilo 5 na gashi ya kusa wanda ke cikin kilo 20 na tsoka. Mai turke rago don nama, wannan ƙuli-ƙuli da dusa ne da ya saya da kuɗinsa suke fita ta fata, a garin da ba mai sayen gashin.

Kuma kafin a zo gashi, jikin kansa sai an ciyar da shi. Tunkiya tana cin busasshen abinci kimanin kashi 3 cikin ɗari na nauyinta a rana, ragon kilo 120 ke nan yana neman fiye da kilo 3 kullum, mai kyau ba karan dawa ba. Linkonsha ba ta fi mu ruwan sama da nisa ba in adadi ake bi: suna samun wajen milimita 600 a shekara, Damagaram wajen 400. Amma nasu yana sauka kaɗan-kaɗan cikin wata 12, ƙarƙashin rana marar ƙarfi, namu kuwa cikin wata 3 ko 4 yake zubowa, sauran shekara rana ta lashe. Su ciyawarsu ɗanya ce kusan kullum. Gashi kuma ba ya ɓoye sirri. In dabbar ta yi yunwa ko zazzaɓi na ƴan makonni, silin da ya tsiro a lokacin yakan sirance, duka a wuri ɗaya, kamar zaren da ya sha ƙuna. Mai saye yana ja sai ya tsinke daidai nan. Tunkiyar da ta ratsa bazararmu, kowace shekara da wannan tabon za ta fito.

Zancen zafi shi ne inda mutane suka fi yin sauri, su ce bargo ne, bargo kuma ba ya zama da rana. Ba haka kawai ba ne. Merino miliyoyi suna rayuwa cikin busassun yankunan Ostireliya inda zafi ke haura digiri 40, kamar namu na Afrilu da Mayu. Cunkusasshen gashinta yana aiki irin na soron ƙasa a Birni: saman ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, ciki da sauƙi. Wanda ya yini a ɗakin kwano ya san darajar wannan. Sai dai wanda ya kwana a soro da bazara ya san ɗaya fuskar, cewa abin da ya hana zafi shiga shi ke hana shi fita. Jikin tunkiya digiri 39 ne, tumbinta kuma tukunya ce da ke kan wuta kullum, don narkar da ciyawa kansa zafi yake haifarwa. Zufa ba ta bushewa ƙarƙashin gashi, saboda haka haki ne babbar hanyarta ta huce jiki, numfashin da bai wuce 20 ko 30 a minti ba ya koma 200 ko fiye. Dabbar da ke haki kuwa ba ta cin abinci.

Linkon ta haɗa hasara biyu. Gashinta bai cunkushe ba balle ya zama soro, igiyoyin suna rabuwa a gadon baya su buɗe wa rana fata, kuma sun isa su hana iska ratsa haƙarƙari. Ga ƙaton jiki dunƙulalle, mai yawan nama da kitse a kan fata kaɗan. Ko a Ostireliya ba a kai ta cikin busasshiyar ƙasa ba, kudu mai sanyi da ruwa aka ajiye ta. Dubi Uda kusa da ita: dogayen ƙafafu da suka ɗaga ciki daga rairayi mai zafi, dogayen kunnuwa masu fitar da zafi, siririn jiki, gajeren gashi mai santsi da iskar dare ke ratsawa. Akwai kuma abin da ya fi damun mai neman iri. Marainan rago sai sun fi jiki sanyi da ƴan digiri kafin su yi maniyyi mai kyau, kuma yin sa yana ɗaukar mako 7. Zafin mako guda zai iya mayar da rago hoto na kusan wata biyu.

Ƙarangiya kuwa, dattijon ya riga ya gama magana. A jikin Uda takan maƙale ta faɗi, ko dabbar ta goga jikinta a gindin gawo ta rabu da ita. A cikin dogon gashi ƙayoyinta suna shiga su sarƙe, igiya ta manne da igiya, har su kai fata su yi gyambo, ƙuda ya biyo. Masana'antu ma sai da ruwan asid suke ƙone irin wannan datti daga gashi, kuma farashinsa faɗuwa yake. Na san ɗan yayata zai ce a gida zai turke shi. Ciyawar da amalanke ke kawowa daga daji ai da ƙarangiyarta take zuwa. Ƙurar hunturu za ta sami maiƙo ta zauna. Da damina kuma gashin da ya jiƙe bai bushe ba gida ne na kaska, da ƙwayar cutar nan da ke sa wa shanu kirci, ita ce dai ke dunƙule gashin tumaki ya yi ɓawo.

Dalilin da ba wanda ya kawo a fada, kuma ni a ganina ya fi sauran ban sha'awa, tsawon yini ne. Tumakin Ingila ba sa neman rago sai yini ya fara gajarta. Ido yana kai labarin duhu ga wani ɗan ƙulli cikin ƙwaƙwalwa, shi kuma ya saki sinadarin melatonin gwargwadon tsawon dare. In dare ya yi ta ƙaruwa sai tunkiya ta fara zagayenta na kwana 17, a yi barbara da kaka, ta haihu bayan sanyi daidai fitowar sabuwar ciyawa. A Linkonsha agogon nan yana da abin karantawa, don yini yana tashi daga awa 7 da rabi a Disamba zuwa kusan 17 a Yuni. A Damagaram tsakanin awa 11 da ƴan mintoci ne da kusan 13. Tumakin ƙasashen sanyi da aka kai kusa da tsakiyar duniya sukan rikice, barbara ta zama ba tsari, haihuwa ta ragu. Namu ba su dogara da wannan agogon sosai ba, in sun ƙoshi suna iya ɗaukar ciki kusan kowane lokaci, har a sami haihuwa uku cikin shekara biyu.

To a haɗa su mana, in ji yaron, a ɗauki girman uba da juriyar uwa. Gado ba ya bin son zuciya haka. Ɗan da aka samu tsakanin mai ulu da mai gajeren gashi yakan fito da cakuɗe, kaushin gashi da laushi a haɗe, wani ya zube wani ya ƙi, ya dunƙule a baya kamar tsohuwar tabarma. Masaƙa ba sa so, don kaushin ba ya kama rini, kuma aski bai faɗi ba. Fatar ma ta lalace, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a garin dukawa da majema. Fatar tumaki masu gajeren gashi irin namu tana da tsukakkiyar saƙa, siririya mai ƙarfi, ita masu ɗinka safar hannu ta fata a Turai suke nema. Ta mai ulu kuwa ramuka da jakunkunan maiƙo sun yi mata yawa, ga kitse a tsakiya, in an jeme ta sai ta yi sako-sako. Girman da ake kwaɗayi shi ma sai da cimar da ta gina shi. Balamin da ya sami kiwo yana kusantar kilo 100 ba tare da an tsallaka teku ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji masu magana, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

Kada a ce ƙasar nan ba ta san tunkiyar ulu ba. A yankin Tillaberi, bakin kogin Kwara da tsibiransa, ƙabilar Kurtai suna kiwon Kundum, ƙaramar tunkiya mai gashi, galibi baƙa. Ƴar'uwar ta Masina ce a Mali, wadda da gashinta masaƙan Fulani ke yin bargon da suke kira kasa. A gabas kuma Tubawa suna da baƙar tunkiyarsu mai gashi, Hadin. Gashin ta Masina bai cika kai kilo 1 a shekara ba, kuma zamanta a fadamun da kogi ke malalewa ne, inda burgu ke daɗewa kore. Faransawa sun kawo ragunan Merino yankin a zamanin mulkinsu don su ƙara mata gashi, abin bai ɗore ba. Kundum kanta yanzu raguwa take, masu ita suna haɗa ta da manyan raguna masu gajeren gashi saboda su ke kuɗi a kasuwa, har malaman Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai suka shiga nazarin yadda za a tsare irin.

Ita ma Linkon a gidanta halin da take ciki ke nan. Zaren roba ya kashe kasuwar gashinta daga wajen 1960, masu cin nama kuma suka daina son ƙaton yanka mai kitse. Yau tana cikin jerin irin dabbobin da ƙungiyar kare su ta Birtaniya ke fargabar ƙarewarsu, kuma mafi yawan zaren ulu da matanmu ke saƙa hular jarirai da shi bai taɓa jikin tunkiya ba. Manoman Ingila da yawa kuɗin gashin da suka sayar ba ya biyan mai askin. Shi ya sa wasunsu suka koma neman tumaki masu zubar da gashi da kansu. Afirka ta Kudu ta riga su, da irin Dofa da ta fitar ta hanyar haɗa ragon Doset na Ingila da tunkiya mai baƙin kai marar ulu. A Amurka kuma irin Katadin, wanda ba a yi masa aski, yana cikin waɗanda suka fi yaɗuwa yanzu, kuma an gina shi ne kan tumakin tsibiran Karibiyan da ake danganta asalinsu da Afirka ta Yamma.